Ranar da Na Kunna wa Lefen Yaya Wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Yaya Rakiya ba, kuma ko na so in manta, matan gidanmu ba za su bar ni ba. Har gobe in an taru a suna ko biki, aka ji na fara ɗaga murya ina gyara wa wata zance, sai wata ta kama kunnenta ta dube ni. Shi ke nan, sai in nemi tabarma in zauna in kama bakina.

Lokacin ina aji biyar na sakandare a Makarfi, ajin kimiyya, kuma a duk gidanmu na Dandamisa ni kaɗai ce na taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannuna. Ba sai na gaya muku yadda kaina ya kumbura ba. In Inna ta ce in miƙo mata gishiri, sai na faɗi dogon sunansa na boko kafin in miƙa. In aka jiƙa kanwa, ina tsaye a kai ina bayanin da ba wanda ya tambaye ni. Kakarmu, wadda muke kira Iya, ita ta raɗa mini suna Farfesa. Ni kuwa da yake a lokacin ban iya rarrabe yabo da gatse ba, sai na riƙa amsawa da fara'a, har da gyara tsayuwa.

Ana dab da kawo lefen ne malaminmu na kemistiri ya nuna mana abin da ya ƙarasa lalata ni. Ya sa aka rufe tagogin ɗakin gwaji, ya kunna wutar gas, ta tsaya shuɗiya siririya. Ya tsoma bakin wata 'yar waya a gishiri ya kai cikin wutar, nan take ta koma ruwan ɗorawa. Ya goge wayar ya tsoma a wani farin gari, wuta ta yi ja kamar jan bulo. Wani garin kuma ya ba da shunayya mara ƙarfi, sai ka ƙanƙance ido za ka gan ta. Daga ƙarshe ya ɗauko guntun jan ƙarfe, irin na cikin wayar lantarki, ya saka. Wuta ta yi kore shar, ajin ya ɗauki salati.

"Kowane sinadari da launinsa," in ji Malam. "Ba ya ara, ba ya ba da aro. In ido ya kasa gane abu, wuta za ta tona masa asiri."

Wata ƙawata ta ɗaga hannu ta ce, to zinari fa? Malam ya yi dariya ya ce shi zinari ba ruwansa da wuta, ba ya canza mata launi, kuma ba ta canza masa. Ya ƙara da wata doka da ya ce kada mu kuskura mu manta: kafin ka gwada abin da ba ka sani ba, fara da abin da ka tabbatar da shi, don ka sami abin kwatance. Na haddace maganar nan kamar karatun allo. (Sai daga baya na san cewa masu sayar da gwal ba haka suke gwada shi ba, kuma ko gwal na gaske akan gauraya shi da wani ƙarfen. Amma a lokacin wa ya isa ya gaya mini? Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ya shaƙe ni har wuya.)

Yanzu bari in ba ku labarin 'yan kunnena, don sai da su zancen zai tafi daidai.

Baba yana da yaya guda, muna ce mata Gwaggo Hajiya, tana aure a Ikara. Mace ce mai kyauta, mai son zumunci, mai kuma son a san ta yi. Tun ina firamare ta sauke farali, ta dawo da tsaraba buhu-buhu, kuma duk wata 'ya mace a dangi ta samu 'yan kunne iri ɗaya: ƙanana, masu siffar fure, da ɗan farin dutse a tsakiya. Da hannunta ta saka mini nawa, tana cewa, "Ki riƙe su da kyau, gwal ne na Makka, ba irin tarkacen kasuwar nan ba."

To, na riƙe su fiye da yadda ta ce. A makaranta babu wadda ba ta san ina da gwal ɗin Makka ba, har da waɗanda ba su tambaya ba. Wata ƙawata ta taɓa roƙona aronsu za ta je bikin yayarta, na ce mata gwal ba ya son jikin baƙo. Ɗan dutsen nan kuwa lu'ulu'u nake kiransa. Gaskiya ne in zafi ya yi kunnuwana sukan yi ƙaiƙayi, wurin hudar ya yi wani baƙi-baƙi mai kore-kore, amma ni da nake bayanin komai ban rasa bayanin wannan ba. Cewa nake yi jikina ne bai gama sabawa da arziki ba.

Wanda zai auri Yaya Rakiya kuwa sunansa Yakubu, mutumin Kudan, manomin rake ne, yana kuma yin mazarƙwaila. Mutum ne mai sanyin magana, in ya zo zance sai ka rantse ba kowa a zaure. Yaya tana sonsa, son da ba ya ɓoyuwa, in aka ambaci Kudan ko a rediyo sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Baba ya yarda, Inna ta yarda. Gwaggo Hajiya ma ta yarda, amma irin yardar nan ta baki. Ita ta so a ce ma'aikacin ofis ne mai mota, kuma tun da aka sa rana take jiran ƙiris. Matsalar ita ce Baba bai taɓa tsallake maganar yayarsa ba tun yana yaro. Iya kuma, da ya kamata ta tsawatar, Gwaggo ce 'yarta ta fari, ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya, sai dai ta ce "ta Ikara", balle ta tsaya jayayya da ita.

Ranar lefe mata suka iso daga Kudan cike da mota, guɗa tun daga bakin titi. Aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin Inna, aka jera akwatuna, aka kawo musu cincin da dubulan da zoɓo mai sanyi. Wadda ta jagorance su gwaggon ango ce, wata doguwar mata mai murya kamar lasifika. Ita ke ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, atamfa, leshi, mayafi, takalmi da jaka, kowanne sai ta yi masa kirari. Kaya dai sun yi kyau daidai ƙarfin mai yi, ba wanda zai raina. Can ƙasan akwati ta zaro wani ɗan jan gida irin na ajiye sarƙa, ta buɗe shi a hankali, ta juya shi kowa ya gani. Sarƙa ce da 'yan kunnenta, suna ta walƙiya.

"Wannan kuma gwal ne, ba wasa ba," in ji ta. "Ɗanmu bai yi wa 'yarku ƙwauro ba."

Aka rangaɗa guɗa. Gwaggo Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi sarƙar, ta jinjina ta a tafin hannu, ta kai ta kusa da ido, ta ce, "Masha Allah." Duk wanda ya san Gwaggo ya san wannan masha Allah ɗin da ƙaya a cikinta.

Baƙi na tafiya bayan la'asar, maƙwabta suka cika ɗaki don ganin kaya, kamar yadda aka saba. Yaya Rakiya, da ta wuni a ɓoye a ɗakin Iya saboda kunya, ta fito ta raɓe a bakin ƙofa. A nan Gwaggo ta sauke abin da ke cikinta.

"Ni na je Makka, na ga gwal da idona, na saye shi da hannuna," in ji ta. "Wannan ruwan gwal aka yi masa. Ni ba talauci nake ƙi ba, Allah ya sani, ƙarya nake ƙi. Da sun ce ga abin da ya sawwaƙa, wa zai yi magana? Amma su shigo har ɗakinmu su raina mana hankali a gaban jama'a? In a kan sarƙa sun yi mana haka, gobe a kan me za su yi wa yarinyar nan? Wallahi in ta tabbata, akwatunan nan gobe Kudan za su kwana."

Kowa ya san in lefe ya koma, da wuya aure ya biyo baya, kuma kowa ya san in Gwaggo ta ce a mayar, Baba da kansa zai nemo mota. Inna, Allah ya ba ta lada, ta yi dabarar manya. Cikin sanyin murya ta ce, "Hajiya, ai ba a yanke hukunci da ido. A bari in an kwana biyu a sami mai zuwa Zariya ya kai wa masu gwal su duba." Abin da Inna take nufi, wanda ko jaririn da ke goye ya gane, shi ne a bar maganar ta huce, biki ya zo ya wuce, Zariya kuma ba ranar zuwa. Har Gwaggo ta fara gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ce a ɗakin nan ba ta gane ba. Ita ce ta miƙe tsaye, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Ba sai an je Zariya ba. Ni zan iya gano gaskiya yanzun nan."

Har yanzu in na tuno muryata a lokacin sai in ji kamar in mari kaina.

Inna ta watso mini wani kallo da ya isa ya kashe wutar murhu. Ni kuwa na ɗauka mamakin ilimina take yi. Gwaggo ta washe baki ta ce, "Yawwa 'yar gidana! Ai don irin wannan ranar aka sa ki a boko." Da na zo wucewa ta bakin ƙofa, Yaya Rakiya ta cafke hannuna, ta ce ƙasa-ƙasa, "Don girman Allah ki bari."

"Kada ki damu, Yaya," na ce mata, har da dafa kafaɗarta. "Kimiyya ba ta zalunci."

Na shiga haɗa kayan aiki kamar wadda za ta yi tiyata. Cikin kayan ɗakin da Baba ya saya wa Yaya akwai ƙaramar tukunyar gas, an riga an ɗura mata don a ga ko tana yoyo, na jawo ta tsakiyar ɗaki. Na ɗauko filayar da Baba yake gyaran babur da ita, na ɗebo gishiri a murfin kwano, na ciro guntun jan waya daga wata matacciyar rediyo. Na ba da umarni a rufe taga a saki labule, kuma abin mamaki, manyan mata da suka haife ni suka bi umarnin. Ɗaki ya yi duhu-duhu, ga zafi, ga ƙamshin sabbin atamfofi da na zufa. Aka matsar da akwatuna gefe, aka janye yara. Iya ta sa aka kawo mata kujerarta gaba-gaba, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Na kunna wuta ta tsaya shuɗiya. Na yi gyaran murya irin ta Malam, na fara da cewa kowane abu da Allah ya halitta yana da launin da yake ɓoyewa, wuta ce kaɗai take sa shi ya faɗa. Na barbaɗa gishiri, wuta ta yi ruwan ɗorawa, mata suka ce, "Ikon Allah!" (Matan da kullum miya take zubo musu a kan wuta suna ganin wannan launin, amma yau da yake Farfesa ce ta yi, ya zama abin al'ajabi.) Na kama jan wayar da filaya na kai, bayan ɗan jim kore ya fara lasar gefen wutar. Wata maƙwabciyarmu ta ja da baya tana a'uziyya.

"Kun ga wannan koren?" na ce, ina bin fuskokinsu da kallo. "Shi ne shaidar jan ƙarfe. Duk abin da aka ce muku gwal ne, aka sa shi a wuta ya yi kore, to jabu ne, jan ƙarfe ne aka yi wa kwalliya. Gwal na gaskiya ba ya canza wa wuta launi ko kaɗan."

Gwaggo ta miƙo mini sarƙar. Na ga Yaya ta rufe fuska da mayafi. Har na miƙa hannu zan karɓa, sai dokar Malam ta faɗo mini a rai: fara da abin da ka tabbatar da shi. In faɗi gaskiya, ba biyayya ga Malam kaɗai ta motsa ni ba. So nake duk matan unguwa su shaida da idonsu irin dukiyar da nake yawo da ita a kunne.

"Tsaya tukuna, Gwaggo," na ce. "Bari in fara nuna musu yadda gwal na asali yake, don in sun ga jabu su gane bambanci."

Na ciro ɗan kunnena na dama, na ɗaga shi sama kowa ya gani. "Wannan daga Makka Gwaggo ta kawo shi."

Gwaggo ta gyara zama, awarwaron hannunta suka yi ƙara. "Nuna musu, 'yata."

Na kama shi da filaya na cusa a tsakiyar wuta, ina murmushi, ko kallon wutar ba na yi, fuskokin mutane nake kallo. A fuskokin nasu na fara ganin abin da ya faru. Idanu suka zazzaro, bakuna suka buɗe. Na sauke ido.

Kore. Ba ma irin ɗan koren da waya ta yi a gefe-gefe ba. Wannan kore ne mai rai da lafiya, ya tashi tsaye yana rawa, har ya haska fuskar Gwaggo.

"Datti ne," na ce da sauri. "Datti ne na kunne, yanzu zai ƙone."

Na fitar da shi na goge da tsumma na mayar. Ya ƙara yin kore, kamar da ma jira yake a goge shi. Kafin in yi wani tunani, lu'ulu'una ya fara kumbura, ya yi baƙi, ya narke ya ɗiga a kan tukunya, ɗaki ya gauraye da warin ƙonanniyar roba. Wani yaro ya fara tari. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce wataƙila wannan ɗin ne aka musanya mini a makaranta, na ciro na hagu na saka. Wuta ba ta san kara ba, ta maimaita abin da ta faɗa.

Ana jin hucin gas, ana jin akuya tana kuka a bayan gida. Sai muryar Iya ta fito, a hankali, kamar mai neman ilimi tsakani da Allah.

"Farfesa, idona ba ya gani sosai. Wane launi ne wannan?"

Maƙwabciyar nan mai a'uziyya ta taimaka mini: "Kore ne shar, Iya."

"To," in ji Iya. "Ni tsufa ya sa ba na riƙe karatu. Me kika ce mana kore yake nufi?"

Wayyo ni! Da ƙasa tana da ƙofa da na ƙwanƙwasa. Na duba gefe, sai na ga 'yan'uwana mata, duk waɗanda suka sami tsarabar nan, kowacce tana jan ɗankwali a hankali tana rufe kunne. Matar kawunmu, wadda ta taɓa yin rigima da ƙanwarta a kan ɗan kunnen nan da ya ɓata, ta buɗe baki ta kasa rufewa. Gwaggo kuwa, hannun nan nata mai awarwaro ya sulale ya shige ƙarƙashin mayafi bai ƙara fitowa ba.

"Gas ɗin nan ne ba shi da kyau," in ji Gwaggo daga ƙarshe. "Gas ɗin yanzu duk gauraye ne."

"Haka ne," in ji Iya, tana kallon rufin ɗaki, don ba ta kallon 'yar fari ido da ido. "A ce wa ta Ikara ta kawo na hannunta a gwada, ko shi wutar za ta gane shi."

Wata ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito mata ta hanci. Gwaggo ta miƙe tsaye. Na ɗauka ni za ta rufe da duka, amma ɗan jan gidan nan ta ɗauka. Ta mayar da sarƙar ciki, ta gyara mata kwanciya, ta rufe, ta tura shi can ƙasan akwati, ta ja zif da ƙarfi.

"Tun da nake ban taɓa jin inda aka gasa lefe a wuta ba," in ji ta. "Ba al'adarmu ba ce, ba addini ba ne. Mutane sun kawo kaya cikin mutunci, a ce za a ƙona musu? Sarƙa ta yi kyau, Allah ya sa albarka, ya ba su zaman lafiya. Wai ma wace mara kunyar ce ta kawo wannan bidi'ar?"

Duk ɗakin ya juyo ya dube ni. Ina tsugune a gaban tukunyar gas, filaya a hannu, kunnuwa ba komai, zufa tana ɗiga daga haɓata.

Iya ce ta fara. Dariyarta irin ta tsofaffi ce, ba sauti, sai kafaɗu suna rawa, hawaye yana bin kumatu. Daga nan ɗaki ya fashe. Inna ta juya wa mutane baya tana dafe da bango. Matar kawu ta kwanta a kan tabarma tana bugun ƙasa. Har Gwaggo, bayan ta yi ta maza na ɗan lokaci, bakinta ya kufce mata. Ta koma ta zauna tana tafa hannu tana cewa, "Balaraben nan da ya sayar mini! Har da rantsuwa ya yi mini, ya ba ni shayi! Allah ya is... a'a, na yafe, a ƙasa mai tsarki ne." Aka sake kwashewa.

Ni ban yi dariya ba. Na kashe gas, na wawuri gawar 'yan kunnena ba tare da na tuna daga wuta suka fito ba, suka ƙona mini yatsu, na yar, na fita da gudu. Bayan rumbu na je na zauna, na sa yatsu a baki ina kuka mai cin rai. Kukan kunya nake, da na gwal ɗina da ya zama gwangwani, da kuma na tunanin yadda zan shiga aji a ga kunnena fayau a tambaye ni.

Ban jima ba na ji tafiya. Yaya Rakiya ce, da ɗan man shanu a yatsa. Ta tsuguna ta kama hannuna tana shafa mini a ƙunar, idanunta jawur, amma bakinta yana rawa da dariya. Na fara ba ta haƙuri ina shessheƙa, na ce ni so na yi in wanke Yakubu a gaban kowa, in nuna wa Gwaggo sarƙar gwal ce.

Ta waiga ta tabbatar ba kowa, sannan ta matso da bakinta kunnena.

"Ba gwal ba ce."

Na daina kuka cak.

"Shi da kansa ya gaya mini tun kafin ya saya," in ji ta. "Ya ce ƙarfinsa bai kai ba bana, in na yarda a sa wannan, in rake ya yi kyau ya canza mini. Na ce ko ta igiya ce ina so. Gwaggonsa ce kawai bakinta ya ɗebe ta, ba wanda ya aike ta."

Na tuno hannuna a miƙe, sarƙar nan saura ƙiris ta faɗo cikinsa. Da na karɓa, da koren nan a kan lefen Yaya zai tashi, a gaban duk matan unguwa, kuma da bakina na riga na fassara musu shi. Abin da ya tsaya tsakanin yayata da mayar da akwatunanta Kudan ba ilimina ba ne, ba hankalina ba ne, tsabar son a sani ne da ya sa na ce a fara da nawa.

Yaya ta rungume ni ta baya tana jijjiga ni, tana dariya tana hawaye. "Allah ya yi miki albarka, Farfesa," in ji ta. "Ban taɓa ganin wautar da ta yi rana irin taki ba."

An yi biki lafiya, an kai amarya Kudan da sarƙarta a wuya, kuma ba wanda ya kai Gwaggo Hajiya rawa da rabon goro. Ni ce dai na sha fama, don labari ya riga ni isa Makarfi, kuma ƙawar nan da na hana aro ta tare ni a bakin aji da tambayar ko gwal ɗin ne ya gaji da jikina.

Yanzu aikin ɗakin gwaji nake yi, da shi nake ci, kuma har yau in na ga wuta ta canza launi sai na ji daɗi a raina. Amma in aka gayyace ni ganin lefe, ko da murfin kwalba aka ɗaga aka ce gwal ne, ni ce ta farko wajen guɗa. Na dai koyi darasina: in har sai ka gwada gaskiyar kayan mutane, fara da naka, amma don Allah ka bari sai kowa ya fita daga ɗakin.